Darduma Mai Fuska Uku

Mijin yayata bai taɓa tsayawa gaban allo ya koyar da ko ɗan kaza ba, amma duk layinmu Farfesa ake kiransa, kuma yana amsawa har da gyaran murya. Ba abin da bai sani ba. In fanka ta tsaya ya san dalili, in kaza ta ƙi ƙwai ya san dalili, in jirgin sama ya wuce zai ɗaga kai ya gaya maka inda matuƙin ya yi kuskure. Abu ɗaya ne ya gagare shi sani, wato ta wace ƙofa ake bi a samu aiki. Tun da kamfanin da yake wa akawu ya rufe, keken ɗinkin Yaya ne ke ciyar da gidan, shi kuma yana zaune kan benci a ƙofar gida yana gyara wa duniya kurakuranta.

Ni kuma Rabin Boko yake ce mini, wai don na ajiye makaranta a tsakiyar hanya. Ban musa ba. Na shiga, na leƙa, na ga abin da ke ciki bai kai wayona ba, na fito. Sai dai a gaban jama'a yake faɗa, ni da gemuna. To ni kuwa Allah ya yi ni mai son taimakon masu ilimi, musamman in na ga sun nufi rami da gudu.

Wata rana da hantsi motar Mai Otal ta yi faci daidai garejin Bakanike, wanda ke kallon gidan Yaya. Mai Otal attajiri ne, mai tumbi da ƙaramar murya, yana gama ginin sabon masauki a bakin titi. Aka ba shi kujera yana jiran a liƙe taya, yana ta mita wai dardumomin da aka kawo masa na ɗakunan baƙi duk kamar tawul ɗin wanka suke.

Kafin ya rufe baki Farfesa ya tsallako titi.

"Ranka ya daɗe, ai ba laifin darduma ba ne. Ido ne babu a wurin mai zaɓen."

Mai Otal ya dube shi sama da ƙasa. "Kai kana da shi?"

"Ni? Ai mu a gidanmu darduma gado ce. Yanzu haka a falona akwai wata ta dauri, saƙar hannu, mai fuska biyu. Tun kakan kakana ake taka ta, ba ta ko yi tari ba."

Ina tsaye a wurin. Abin da ke falonsa a wannan lokaci ledar ƙasa ce da ta yage a bakin ƙofa, aka ɗora mata turmi don kada ta naɗe.

Mai Otal ya ce, "To zan zo ƙarshen mako in gani da idona. In na same ta yadda ka faɗa, kai za ka zaɓo shimfiɗar kowane ɗaki a otal ɗin nan, kuma aikin ya zama naka, da albashinka."

Bakanike ya ɗago daga kan taya ya dube ni. Na dubi sama.

Da yamma Farfesa ya gaya wa Yaya rabin labari. Ya ce babban baƙo zai zo da maganar aiki, bai kamata ya tarar da leda ba. Yaya ta daɗe tana tara wani abu daga ɗinkinta don shimfiɗar falo, ta ɗauko ta ba shi, amma ba ta saki ba sai da ta gama magana.

"Baban yara, sabuwa nake so, mai haske, mai fuska biyu, in yara sun ɓata ɗaya a juya ɗaya. Ban aike ka bincike ba, ban aike ka lacca ba." Ta juyo gare ni. "Kai kuma bi shi, ka sa masa ido."

Na sa masa kuwa, duka biyun.

A layin masu kafet Farfesa ya tsaya a bakin wani shago, ya goya hannu a baya, ya ɗaga murya.

"Ina mai fuska biyu a nan?"

Mai shagon ya ajiye kofin ruwansa. "Haba Malam, daga zuwa sai zagi? In maƙwabcina kake nema, ga shagonsa can."

Maƙwabcin ya leƙo. "Na ji ka! Wanda ke yi wa mai saye dariya ta gaba ya yi masa gwalo ta baya, shi ne ke nuna wani?"

Sai da na shiga tsakani na ce darduma muke nufi, sannan aka ba mu hanya. Mai shago ya kai mu gaban tuli uku. Na farko, in ji shi, na dauri ne, saƙar hannu, sun girmi duk wanda ke raye a kasuwar, launinsu ya kwanta kamar ya gaji. Na biyu na zamanin iyayenmu ne, sun tsufa amma ba su kai a yi musu fadanci ba. Na uku kuwa sababbi ne fil, saƙar inji, launi kamar zai yi ihu.

Farfesa ya shafa wata ta dauri, ya shinshina, ya lumshe ido. "Wannan tumakin da aka aske mata ma na san irin ciyawar da suke ci. Nawa?"

Mai shago ya faɗa.

Farfesa ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta, ya nemi wurin zama. Da numfashinsa ya dawo sai ya ce, "Tsaya. Wannan da ta koɗe, ga faci a gefenta, ta fi waccan sabuwar tsada?"

"Nesa ba kusa ba. Tsufan ai shi ake saye."

Nan na ga idon Farfesa ya yi wani irin ƙyalli, irin wanda yake yi kafin wani abu ya lalace a gida. Ya nuna wata sabuwa, ja da shuɗi, da manyan furanni gaba da baya. Mai shago ya fara cewa, "Ita irin wannan saƙa ɗaya ce, zaren da ke sama shi ne..." Farfesa ya ɗaga masa hannu.

"Ɗan'uwa, kai sayarwa ka sani, ni ilimin abin na sani. Naɗe."

A hanya, ni ke ɗauke da darduma a ka, shi ke ɗauke da shawara.

"Rabin Boko, buɗe kunnenka, yau za ka samu darasin da ka gudu ka bari. Darduma fuska nawa gare ta?"

"Biyu, Farfesa."

"Ɗaya ta yayarka, sabuwa, mai haske. Ɗaya ta Mai Otal. Tsufa mene ne? Rana ce, da ƙura, da takun ƙafa. Abin da shekaru suka yi a hankali saboda lalaci, ni zan yi shi kafin ƙarshen mako. Darduma ɗaya, zamani biyu. In baƙon ƙauye ne a nuna masa sabuwa, in mai ido ne a juya."

Na ce, "Wallahi Farfesa, da a makaranta haka ake koyarwa da ban fito ba."

Ya ji daɗi har ya saya mini ruwan sanyi.

Yaya ta ga darduma ta yi murna, ta cire takalmi ta zagaya ta, har ta ce wa mijinta sannu da ƙoƙari, abin da rabon da in ji tun ina da gashi cikakke. Da safe tana fita shagon ɗinki, muka juya darduma muka fitar da ita tsakar gida.

Farfesa ya ce launin ya cika rawar kai, sai an kwantar da shi. Na ce na taɓa ji wai ruwan baƙin shayi ke sa abu ya yi kama da na da. Ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan, na riga shi ne don rashin ladabi. Ya juye duk ganyen shayin gidan a babbar tukunya, ya tafasa har ya koma kamar ruwan kwata, ya ɗebo da moɗa yana kwarara wa fuskar Mai Otal, yana bi da tsintsiya.

Goggo, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, mai awaki, ta leƙo ta kan katanga.

"Farfesa, lafiya? Darduma ake ba shayi yanzu? Mu da ke da baki ba a ba mu ba?"

"Goggo, kimiyya ce."

"To a sa mata sukari mana, kada ta ƙi sha."

Da darduma ta ɗan sha iska muka ɗaga don mu ga fuskar Yaya. Shayin nan ya ratsa tsaf, ya fito ta baya, ya zana wani abu mai kama da taswirar ƙasar da ba a gano ba tukuna. Farfesa ya tsaya yana kallo, baki buɗe.

"Ya aka yi ya tsallaka?"

Na ce, "Wataƙila ba a gaya masa iyakarsa ba."

"Shayin ne jabu," in ji shi. "Shayi na gaskiya ya san inda zai tsaya."

Kafin Yaya ta dawo muka mayar da darduma falo, ya jawo teburin tsakiya ya ɗora kan taswirar. Ta shigo ta shinshina.

"Wa ya sha shayi a falo?"

"Tunani nake yi," in ji Farfesa. "Tunani yana cin shayi."

Mataki na biyu shi ne takun ƙafa. Farfesa ya lissafa cewa in shi kaɗai zai taka dardumar sai ya tsufa kafin ta tsufa. Na ce ai ga titi nan, Allah ya hore mana ƙafafu kyauta, har da tayoyi. Ya ce in daina satar masa tunani. Muka shimfiɗa darduma a tsakiyar layi, fuskar Mai Otal a sama, shi kuma ya koma benci ya harɗe yana jiran tarihi.

Sai mutanen layinmu suka zama masu ladabi rana ɗaya. Mai keke ya zo ya kauce. Mai turin ruwa ya ja baya ya bi ta gefe. Mata suka tattare zane suka raɓa ta jikin kwata. Wani dattijo ma cire takalmi ya yi ya riƙe a hannu ya wuce a kanta da sanɗa.

Farfesa ya miƙe yana ihu. "Ku taka! Ku taka mana! Kai mai babur, ina za ka? Dawo ka bi ta kai!"

Mai babur ya ce, "In taka ka ce in biya? Na san irinku."

"Ni zan gode maka!"

"To lallai abin ya taɓa kai," in ji mai babur, ya ƙara wuta.

Rana ta yi zafi, Farfesa ya shiga gida shan ruwa, ya ce in tsare. Ni kuwa mutum ne mai yawan uzuri. Bakanike ya fito yana neman abin da zai shimfiɗa ya shiga ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ya ga darduma yashe a titi, ya tambaye ni ko ta wani ce. Na ce gaskiya mai ita tun safe yake roƙon a wulaƙanta ta. Ya ja ta gareji, ya kwanta a kai, ya kwance bututun baƙin mai.

Da Farfesa ya fito ya hango gadon kakan kakansa a ƙarƙashin mota, ƙafafun Bakanike sun leƙo, sai da hularsa ta faɗi.

"Kai! Kai jahili! Ka san a kan me kake kwance?"

Bakanike ya turo kai waje. "A kan bayana."

"Kayan tarihi ne!"

"Tarihin da na ga an sauke daga kan ƙanin matarka da ledarsa? To ja abinka. Amma ka jira in ɗaure bututu, don har yanzu yana ɗiga."

Ya ɗiga kuwa. Baƙin mai ya yi tafki a kan babban furen tsakiya, kuma shi ma, kamar shayi, ba wanda ya gaya masa iyakarsa. Da yamma sai ga doguwar kujera ta baro jikin bango ta matso kusa da tebur. Washegari ƙaramar kujera ta biyo ta.

Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. "Wai me ya sa kujerun gidan nan ke ta matsowa tsakiya kamar masu gulma?"

"Sabon tsari ne," in ji Farfesa. "A manyan gidaje haka ake yi. Yana ƙara zumunci."

"Zumuncin da sai na hau kan kujera kafin in kai ga fanka?"

Ta dube ni. Na ce ni Rabin Boko ne, wannan babin ban kai shi ba.

Muka wanke darduma da sabulun wanki, muka shanya ta a kan katangar Goggo don rana ta yi nata aikin. Rana ta yi, akuyar Goggo ma ta yi. Ta ɗaga ƙafafun gaba ta kama gezar da ke lilo ta ɓangarensu, ta cinye gefe guda tas, ta fara shiga cikin saƙar. Farfesa na ja ta nan, akuya na ja ta can, Goggo na salati.

"Sakar mini dabba! In zaren robar nan ya ƙulle mata ciki, wallahi har gaban hukuma!"

"Goggo, dabbarki ke cin dukiyata!"

"Wa ya ce ka ba ta shayi da mai ta yi daɗi?"

Da aka raba su, Farfesa ya dubi gefen da aka ci, ya karkata kai, sai ya yi murmushi. Ya ce wannan ai taimako ne, ba dardumar dauri da ke da geza cikakkiya. Abin da ya rage kawai gashin saman ne, ya cika tsayuwa irin na sabon abu. Na ce na ga wanzamai na babbake gashi da wuta. Wannan karon bai ma ce na riga shi ba. Ya kunna kyandir ya sunkuya.

Zaren inji ba ulu ba ne. Bai babbake ba, narkewa ya yi. Wuri ya tsuke ya yi baƙi, ya buɗe rami da kan jariri zai wuce, wari ya cika unguwa har Bakanike ya fito yana duba wayoyin motocinsa. Farfesa ya zura ido ta ramin ya hango ni ta ɗaya gefen.

Na ce, "Farfesa, wannan ramin na fuskar wa ne, Yaya ko Mai Otal?"

"Rufe mini baki. Wurin mashi ne. A yaƙi aka same shi."

Safiyar ranar zuwan baƙo, Yaya ta fita kai wa wata mata ɗinki, ta ce za ta biyo da lemo. Muka janye kujeru, muka juyo fuskar Mai Otal. Tsufa dai ta tsufa, ba ƙarya. Sai dai furannin sun ɓace gaba ɗaya, abin da ya rage wani launi ne kamar na bayan tukunya. Farfesa ya ce mai ido zai nemi zane, dardumar dauri ba ta zama ba zane. Ya shiga ɗakin ajiya ya fito da ragowar fentin ƙofa, ja da shuɗi, da burushi, da gwangwanin man takalmi. Ya durƙusa ya mayar da furannin da hannunsa, manya manya, wasu kamar kabeji, wasu kamar tafin agwagwa. Ya bi gefunansu da man takalmi don su yi duhun shekaru.

Na taɓa da ɗan yatsa, ya fito ja. "Farfesa, anya zai bushe? A kan mai fa ka shafa."

"Wa zai taɓa? A kujera zai zauna. Manyan mutane da ido suke taka abu."

Bai rufe gwangwani ba muka ji ƙahon mota.

Mai Otal ya shigo cikin farar shadda, babbar riga da 'yar ciki da wando, fari tas har yana ɗaukar ido. Bayansa kuwa rabin layi ne. Goggo ta kama taga, Bakanike ya tsaya a bakin ƙofa yana goge hannu, sauran suka jeru a baranda. Duk wanda ya ga wahalar da dardumar nan ta sha yana son ya ga ranar aurenta.

Mai Otal ya zauna a kujera, ya dubi ƙasa, ya motsa hanci.

"Wani wari nake ji kamar na gareji."

"Ƙamshin ƙarni ne, ranka ya daɗe. Man da mutanen da ke shafa wa ulu. Yanzu ba a samunsa."

"Ana samu," in ji Bakanike daga ƙofa. "Ina da jarka guda."

Farfesa ya yi tari mai ƙarfi ya rufe maganar. Mai Otal ya nuna ramin. Aka ba shi labarin mashi, da dokin da ya faɗi, da kakan da ya naɗe kansa cikin darduma ya tsira. Ya nuna gefen da ba geza.

"Wannan wata yunwa ce ta cinye shi a zamanin da," in ji Farfesa.

"Yunwar tana nan da ranta," in ji Goggo ta taga. "Tana ɗaure a bayan ɗakina."

Aka yi dariya ƙasa ƙasa. Abin mamaki, Mai Otal bai kula ba, kai yake gyaɗawa. Shi ma ashe idon nasa bai wuce na tawul ba. Farfesa ya ga kasuwa na ci, sai bakinsa ya ƙwace.

"Kuma ba kyau kaɗai ba, ranka ya daɗe. Laushinta kamar ƙirjin tattabara. Irin wannan ulu magani ne. Kakana har ya bar duniya bai san ciwon baya ba, saboda a kanta yake kishingiɗa."

Mai Otal ya zaro ido. "Ciwon baya? Bawan Allah, ai abin da ya hana ni sakat ke nan!"

Ya tuɓe takalmi.

Farfesa ya yi tsalle ya tare gabansa. "A'a, ranka ya daɗe! Wato, ba ta saba da baƙo ba. Sai an yi mata sallama tukuna, a hankali, wata da watanni."

"Kauce, Malam. Zan ba ka otal guda, ka hana ni zama minti guda?"

Ya sauko da dukan nauyin da Allah ya ba shi, ya zauna daram a kan babban fure. Ya yi ajiyar zuciya, ya miƙe ƙafafu, ya kwanta rigingine.

"Akwai sanyi kuwa," in ji shi. "Har wani danshi danshi nake ji."

Ni dai ba na iya ganin mara lafiya in yi shiru. Na ce, "Ranka ya daɗe, sai an ɗan mirgina maganin ke ratsa ko'ina."

Ya mirgina dama. Ya mirgina hagu. Farfesa ya jingina da bango ya dafe kai.

Daidai nan Yaya ta kutso ta cikin jama'a da ledar lemo. Ta dubi ƙasa, ta nemi dardumarta ja da shuɗi, ta ga wani abu kamar fatar da aka jeme aka fasa, ga attajiri kwance a kai. Ta ajiye lemo a hankali, ta dubi mijinta. Na san wannan kallon tun ina yaro. Na matsa kusa da ƙofa.

Mai Otal ya yunƙura zai tashi, darduma ta biyo shi. Sai da Bakanike ya taka gefenta sannan ta sake shi, da wata ƙara kamar an ɓare filasta. Ya miƙe, ya murɗa ƙugu, ya yi murmushi.

"Ka san kuwa na ji dama? Farfesa, gobe ka same ni a otal. Aiki naka ne."

Ba wanda ya yi tafi, domin duk wanda ke wurin yana bayansa ko yana shirin komawa bayansa. Tun daga wuyan farar rigar nan har ƙasa, ga furannin Farfesa nan sun fito raɗau, kabeji da tafin agwagwa, ja da shuɗi, da baƙin man takalmi. Har ramin mashi ya fito, fari, zagayayye, daidai mazaunai. Gaskiya zanen ya fi kyau a jikinsa.

Farfesa ya yi wuf ya manne a bayansa, ya buɗe hannuwa kamar kaza ta rufe 'ya'ya.

"In raka ka, ranka ya daɗe."

"Ba sai ka shiga rigata ba ai. Ja baya kaɗan."

"Girmamawa ce."

Haka suka fito titi, Mai Otal na tafiya, Farfesa na bin sa taku da taku, in ya karkata ya karkata. Jama'a suka dare suna toshe baki. Saura kaɗan su kai mota Goggo ta kasa haƙuri.

"Alhaji! In saye ka yi ka naɗe ta mana, ba a sa darduma a jiki!"

Layi ya fashe da dariya. Mai Otal ya juya da sauri don ya ga abin da ake wa dariya, Farfesa ya zagaya da gudu don ya ci gaba da zama a bayansa, ya taka bakin rigar, ya tafi luu, ya dafe da tafukansa biyu a kan furen da ke tsakiyar bayan rigar. Da ya ɗago hannu ya kai fuska don share gumi, sai ga shi ja da shuɗi har kunne.

Mai Otal ya dubi fuskar, ya shafo bayansa, ya dubi hannunsa. Ya cire babbar rigar a tsakiyar titi, ya ware ta, ya daɗe yana kallo.

"Wannan shi ne saƙar hannun?"

"Ranka ya daɗe," in ji Farfesa, "alamar ta asali ke nan. Tana bin mai arziki."

"Tun kakan kakanka fentin bai bushe ba?"

"Aikin da ke nan. Ba a gaggawa."

Mai Otal ya dunƙule rigar ya kifa masa a ka. "To haɗa, gadon ya cika. In na ƙara ganin ƙafarka ko a bakin titin otal ɗina, sai na sa an shimfiɗa ka a ƙofa." Ya sa direba ya rufe kujerar mota da jarida, ya shiga, suka tafi, wandonsa na ɗauke da nasa rabon furen.

Farfesa ya janye rigar daga kansa. Yaya na tsaye a gabansa da baho da sabulu.

"Baban yara, aiki kake nema, ko?"

"Wato, ki bari in yi miki bayani a ilmance..."

"Ka samu. Nan za ka zauna, a ƙofar gida inda ka saba koyarwa, ka wanke rigar mutane har ta koma fara, ka kai masa da ƙafarka. In ka gama, akwai guga a shagona kullum, har sai na ga sabuwar darduma a falona. Ita kuma sabuwar ni zan zaɓa, kai ko kallonta sai da izini."

Ta shige ta rufe ƙofa, ta kai wa yara lemon.

Farfesa ya durƙusa gaban baho, jama'a suka gyara tsayuwa. Ya cuɗa, ya murza, ya ce sabulun ne jabu. Ja ya shiga shuɗi, man takalmi ya shiga tsakaninsu, farar shadda ta koma launin bayan tukunya daga wuya har ƙasa. Ya ɗaga ta sama, ruwa na ɗiga, ya karkata kai yana kallo. Sai na ga ƙyallin nan ya dawo idonsa. Ya yafito ni da hannu, ya rage murya don kada Yaya ta ji.

"Rabin Boko, kai kuwa ka san darajar rigar dauri a kasuwa?"